Furfura, rini da zanen mahaukaciya: amsar tambayoyinku

Wannan karon tambayoyin da suka fi yawa duk a kan furfura suke, kuma kusan dukansu daga mata suka fito, don haka na haɗe su wuri ɗaya. Zan fara da wadda ta fi tsaya min a rai.

Wata 'yar'uwa ta rubuto tana cewa: "Malam ni shekarata 38, furfura ta fara fito min ta gaban goshi sai na sa baƙin rini, ranar nan ɗankwalina ya zame a cikin mutane ƙanwar mijina ta kalli kaina ta ce da ma za a rina, an saci zanen mahaukaciya, kowa ya kwashe da dariya ni kuma na kasa cewa komai. Don Allah me karin maganar take nufi, zagina ta yi ko kuwa?"

Toh 'yar'uwa, ki fara kwantar da hankalinki tukunna. Ita wannan karin magana ana kawo ta ne in abu ya faru wanda da ma an san sai ya faru, wato babu mamaki a ciki. Kinga mahaukaciya zanenta ɗaya ne, da shi take yawo kullum, babu wanda bai san kalarsa da inda ya yage ba, to duk wanda ya sace shi ba shi da halin ɗaurawa ya fita haka nan, dole sai ya kai an rina an sauya masa kama in ba haka ba daga fitowarsa za a gane. Shi ya sa da an ji labarin satar sai a ce ai za a rina. Daga nan mutane suka gajarta, yanzu sai ki ji an ce "a rina" kawai ko "da ma na san a rina" ba tare da an ƙarasa ba, kuma yawancin masu faɗa ba ma sa tuna wani rini ko wani zane, "ba mamaki" kawai suke nufi.

Ƙanwar mijinki wasa ta yi da kalmar, ta ɗauko rinin cikin karin magana ta ɗora a kan rinin kanki. Ba zan ce miki ta kira ki mahaukaciya ba, don ginin maganar bai ba da haka ba. Amma ba zan ɓoye miki ba akwai tsini a ciki, domin rinin da ke cikin wannan karin magana rinin ɓoye abin kunya ne, rinin ɓarawo. Kuma nan ne nake ganin ta ɗora magana inda ba wurinta ba. Zanen can sato shi aka yi. Ke gashinki ne, a kanki ya tsiro, ba ki karɓo na kowa ba, babu wani mai kaya da kike gudun ya gane. Mace ta rina gashinta kamar ta sa kwalli ne ko ta yi kitso, ado ne, kuma Hausa ba ta taɓa ɗaukar kalmar rini da kanta a matsayin aibu ba, sana'a ce mai daraja da ta ba mu marini da marina da rinanne. Abu ɗaya da zai sa rini ya koma irin na cikin karin maganar shi ne in an yi shi don a yaudari wani, misali a ɓoye wa mai neman aure shekaru. Wadda mijinta da danginta suka san shekarunta, wa za ta yaudara?

Wani ɗalibi kuma ya tambaya ko rinar da ke cikin "akwai sauran rina a kaba" ita ce wannan. A'a ɗana, kalmomi biyu ne da rubutu ya haɗa su. Ta cikin kaba ƙwaro ce mai harbi, tana yin gida a jikin ganye, mai yankan kaba ya ɗauka ya gama kakkaɓewa ashe da saura. Ma'ana dai matsala ba ta ƙare ba. Babu ruwanta da sauya launi.

Sai wata Hajiya da ta jero tambayoyi uku a saƙo ɗaya: wai furfura ne daidai ko hurhura, mene ne bambancinta da farin gashi, sannan da gaske ne in ka cire ɗaya goma ke fitowa?

Hajiya duk biyun daidai ne. Masu karin harshen yamma suna sa h a wurare da dama da wasu ke sa f, kamar yadda ake jin huɗu da fuɗu ko hula da fula, to haka hurhura da furfura suke, a rubutun daidaitacciyar Hausa dai furfura aka fi sani. Kalmar mace ce, "furfura ta fito" ake cewa, kuma ba mu cika yi mata jam'i ba, in ana son ƙirga sai a ce sili ɗaya, sili biyu. Ki lura da yadda harshen ya bi ta mataki-mataki, abin yana burge ni sosai: ta ɓullo, ta fito tsilli-tsilli, ta yi ratsi, ta cika kai, daga ƙarshe a ce kai ya yi fari fat. Bambancinta da farin gashi kuwa shi ne furfura gashi ne da ya taɓa zama baƙi ya juya. Akuya fara tana da farin gashi amma ba wanda zai ce tana da furfura, haka shi ma zabiya da aka haifa da gashi mai haske. Wato a cikin kalmar kanta akwai lokaci, akwai tafiyar shekaru, shi ya sa take da nauyi a kunne fiye da "farin gashi".

Maganar cirewa kuma ba haka ba ne. Kowane sili daga raminsa yake fitowa, a gindin ramin akwai ƙwayoyin da ke samar da sinadarin launi da ake kira melanin, in suka daina aiki sai gashin ya fito babu launi. Kin tsige shi, wani farin ne zai sake fitowa daga wannan ramin dai, guda ɗaya, na kusa da shi kuma da ma lokacinsu ya yi shi ya sa ake ganin kamar sun ƙaru. Illar tsigar ita ce in aka yawaita ramin na iya lalacewa gashin ya daina fitowa gaba ɗaya. Ga musulmi kuma akwai hadisi da ya hana tsige furfura, ya kira ta haske.

Tunda mun zo nan bari in taɓa kalmomi biyu da ake yawan faɗa, furfurar gado da furfurar wahala. Ta gado gaskiya ce tsantsa, gado shi ne babban abin da ke yanke lokacin da za ta fara, a baƙar fata galibi sai wajen shekara 40 da ɗoriya, Turawa kuma tun tsakiyar shekarun 30. Ta wahala ma ba zancen banza ba ne, a 2020 masu bincike a jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna a jikin ɓeraye cewa tsananin damuwa na ƙarar da ƙwayoyin da ke ajiye launin gashi. Amma wadda furfura ta rufe ta tun kafin ta kai 30 kuma babu irin haka a danginta, yana da kyau ta ga likita, ƙarancin bitamin B12 da matsalar maƙoƙo wato tayroyid duk suna kawo ta da wuri, shan taba ma haka.

Wata kuma cewa ta yi in bambance mata lalle da dayis da rini. Rini shi ne uwar kalmar, duk sauya launi ya shiga ciki. Lalle tsiro ne, ganyensa ake daka, launin da yake bayarwa ja ne zuwa ruwan ƙasa, a kan furfura sai ya fito jawur don babu baƙin da zai danne shi, in aka bi bayansa da baba wato shuni sai ya yi duhu. A hadisi an ambaci lalle da wani tsiro mai suna katam a matsayin mafi kyawun abin sauya furfura, sannan a Sahihu Muslim akwai labarin Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar da aka kawo ranar buɗe Makka kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a sauya masa amma a nisanci baƙi. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan baƙin musamman ga matar aure, wannan fagensu ne, a koma gare su. Dayis kuwa aro ne daga Turanci, kalmarsu ta rini ce muka ɗauko da jam'inta muka mai da ita tilo. Kuma don Allah a kula, babu wani ganyen lalle da ke ba da baƙi wuluk shi kaɗai, abin da ake kira baƙin lalle yawanci an haɗa shi da sinadarin PPD, wanda ke sa wasu kumburin fuska da ƙuraje masu ruwa. Ki shafa kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48 kafin ki sa a kai, kuma kar ki haɗa rini da rilaksa rana ɗaya, gashin karyewa zai yi.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta juya min ciki. Wata baiwar Allah mai shekara 51 ta ce shekara goma sha biyu tana rini, ta gaji, kowane sati uku gindin ya fito fari, ta yanke shawara ta bari. Yanzu ƙawayenta na ce mata ta saki jiki, wata ma ta kira ta gyatuma, shi ne take neman karin maganar da za ta riƙa mayar musu.

Yaya, kafin karin magana ina so ki ga wani abu da na daɗe ina lura da shi a harshenmu. In namiji ya yi furfura sai a ce dattijo, kalmar da muka aro daga Fulatanci, a ce ya yi furfura a harkar nan wato ya ƙware, a ce a duba furfurarsa a ƙyale shi. Ita mace tana da dattijuwa, kalmar na nan daram, amma bakin mutane ya fi saurin zuwa kan tsohuwa da gyatuma. Alhali gyatuma asalinta ba zagi ba ce, uwa ce, a wasu kare-karen harshen mutum na cewa gyatumata yana nufin mahaifiyarsa cikin girmamawa, har akwai wani tsiro mai farin fure kamar auduga da ake kira furfurar gyatuma. Mu ne muka ɗauki kalmar uwa muka mai da ita abin tsokana, kuma wannan yana damuna ƙwarai, don furfurar da ke ƙara wa miji kwarjini ita ce dai a kan matarsa, sinadari ɗaya ne ya ƙare a gindin gashinsu su biyun.

Karin maganar da ta fi dacewa da ke ita ce tsohuwar zuma da ita ake magani. Amma ki san fa ba gashi take yabo ba, daɗewa da amfani take yabo, haka ita ma "abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba", hankali take nufi. Duk inda Hausa ta ɗaga furfura, abin da ake sa ran samu a ƙarƙashinta take ɗagawa, shi ya sa in dattijo ya yi abin kunya ake ce masa ka dubi furfurarka. Saboda haka ban yarda a ɗauki waɗannan maganganu a doki mai rini da su ba, kamar yadda ban yarda a doke ki da "ta saki jiki" ba. Sakin jiki shi ne barin wanka da gyara, ke kuwa launi kawai kika bari.

Abin da zai fi ba ki wuya watannin farko ne, ki shirya masa. Gashi na tsawo kamar santimita 1 ne a wata, don haka za ki ɗau lokaci kina da kai biyu, gindi fari baki baƙi, mata da yawa a nan suke karaya su koma. Wasu na rage tsawon gashin kaɗan-kaɗan har tsohon rinin ya ƙare, wasu su yanke shi gaba ɗaya lokaci guda, wasu su riƙa kitso ƙanana da zai haɗe launin biyu. A 2020 da aka rufe wuraren gyaran gashi saboda korona mata da dama a ƙasashe daban-daban sun wuce wannan matakin a gida ba don sun shirya ba, wasunsu ba su sake komawa rini ba. Furfura ta fi baƙin gashi saurin bushewa da tauri, to ki yawaita mata mai, ki rage zafin na'urar busarwa don yana sa ta yi ɗorawa-ɗorawa.

Akwai wanda ya tambayi bambancin suma da gashi da gizo, da kuma ma'anar sanƙo, in Allah Ya kai mu sati mai zuwa da su zan fara.