Amsar Gwaggo kan ɗura da maganin ƙiba

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce ƙanwarki ta rame ƙwarai don ta daɗe tana gudun abinci saboda tsoron ƙiba, har jinin wata ya ɗauke mata, manya kuma na cewa a yi mata ɗura da kunun gyaɗa a sayo mata sha-ka-fashe, wato ƙwayar sa ƙiba, kamar yadda aka saba. Kina tambaya ko ƙin yarda rashin kunya ne. Ba rashin kunya ba ne, amma ki bi ta wajen Baba, shi ya faɗa musu.

Ɗura na iya halaka ta. Jikin da ya daɗe da yunwa, in aka cika shi da tuwo da kayan zaƙi lokaci ɗaya, sinadaran jini irin su fosfet da fotashiyam sukan yi ƙasa, bugun zuciya ya rikice, ƙafafu su kumbura. Haɗarin ya fi tsanani a kwanakin farko na komawa cin abinci. Don haka kafin komai a kai ta asibiti a auna jini da bugun zuciya, likita ya tsara yadda za a riƙa ƙara abincin kaɗan-kaɗan. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna na duba damuwar da ke bayan wannan gudun abincin, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Sha-ka-fashe kuwa kada ya shigo gidan. Wasu ƙwayoyin irinsa kumburi suke sawa, su jawo hawan jini da ciwon sukari, tsoron da ke ranta kuma yana nan.

Al'adarmu da za ta taimaka ita ce cin abinci tare. Amma a zuba mata nata a kwano daban, domin a tire ɗaya ba a gane abin da ta ci. Abinci sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku, kamar dabino da madara, dafaffen ƙwai ko fura da nono. Kada a wuce awa uku zuwa huɗu ba ta sa komai a ciki ba. Bayan an gama, wani ya zauna da ita kamar awa ɗaya ana hira, don a lokacin ne wasu ke zuwa banɗaki su yi amai. Cikinta zai riƙa kumburi, ta ƙoshi da wuri, wannan yakan lafa da sannu.

Ku hana baƙi cewa "kin yi ƙiba, masha Allah". Mu yabo muke nufi, ita kuwa kalmar na iya mayar da ita baya. A ɗauke sikeli daga ɗakinta.

Batun azumi, Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame, sai ta rama in likita ya ce ta warke. In ta suma, ko ta ji zuciyarta na bugawa ba daidai ba, ko ta kasa shan ruwa, ku tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.