Andalus da yara ƙanana: keken turawa ko majanyi?

Wata uwa daga Kano ta rubuto: "Salamu alaikum Hajiya. Ni da maigidana za mu kai yara Andalus da ke kudancin Sifaniya a dogon hutu, wato watan Agusta. Su uku ne: mai shekara tara, mai shekara biyar, sai auta mai wata goma sha huɗu. Kwana tara gare mu, amma Babansu ya jera garuruwa shida. In sayi keken tura yaro mai tsada ne kafin mu tashi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ajiye maganar keke tukuna, watan da kuka zaɓa ya fi damuna. Na san abin da za ki ce: mutumin Kano ne za a ba labarin zafi? To, a Kano ba kya ɗaukar yara uku da tsakar rana ki tsaya a layi kan daɓen dutse. A Kurɗuba da Sebiya zafin Yuli da Agusta kan wuce digiri 40, kuma yawon tsofaffin garuruwan nan duk a ƙafa ake yin sa. Idan da hali, ku mai da tafiyar Oktoba ko wajen Afrilu. Sai dai ku duba kalanda, domin makon Ista da bikin da Sebiya ke yi bayansa suna cika gari maƙil, kuɗin masauki ya yi tashin gwauron zabo. Idan kuwa Agustan ce dole, ku fita da sassafe, ku dawo kafin azahar, kowa ya kwanta, sai bayan la'asar sakaliya ku sake fita. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, kuma mutanen garin ma haka suke yi.

Garuruwa shida a kwana tara kuwa, ki lallaɓa Alhaji ya soke uku. Duk ranar da aka canja gari ta tafi a haɗa kaya, neman takalmin da ya ɓuya ƙarƙashin gado, da jiran jirgi. Kurɗuba kwana biyu, Sebiya uku, Garnaɗa uku, ya wadatar. Jirgin ƙasa mai gudu daga Madrid zuwa Kurɗuba bai kai awa biyu ba, daga nan zuwa Sebiya kuma ƙasa da awa guda. Auta ba za ta biya ba muddin a cinya za ta zauna, amma ita ma sai an fitar mata da tikitinta na kyauta.

Yanzu keken. Kada ki saya mai tsada. Unguwar Albaisin da ke Garnaɗa a kan tudu take, lunguna ne matsattsu da matakala da ƙananan duwatsu da aka daɓe ƙasa da su. Tayar keke na shiga tsakaninsu ta maƙale, yarinya tana jijjiga kamar a bayan akori-kura, ƙarshe uban ne zai saɓa keken a kafaɗa ke kuma ki ɗauki 'yar. Cikin fadojin sarakunan Banu Nasr da ke Alhamra, tsohuwar fadar Musulmi ta Garnaɗa, ma ba a barin keken yara ya shiga, ajiye shi ake yi a waje. Abin da Turawa ke kashe kuɗi su saya don irin wannan wuri, ke kin gaje shi: zani da majanyi. Ki tafi da biyu. Idan kina son Alhaji ya riƙa karɓar ki, a saya masa jakar goyo mai maɗauri, ita ce kuɗin da ba za ku yi da-na-sani ba. Ƙaramin keke mara nauyi mai naɗewa yana da amfani a filin jirgi da kuma Sebiya, wadda shimfiɗaɗɗiya ce, amma mai araha ya isa.

Wani magidanci daga Maraɗi ya ce: "Hajiya, otal za mu kama ko gidan haya na 'yan kwanaki? Abinci ne damuwata."

Malam, gida mai kicin da injin wanki. Naman alade ya ratsa girkin Sifaniya, har cikin miya da wake da ba ka zata ba, kuma gidajen abinci da yawa ba sa fara abincin dare sai bayan ƙarfe takwas, lokacin da yaro ya riga ya fara rigimar barci. Da tukunya ɗaya da shinkafa da ƙwai da 'yar robar yaji daga gida, an kashe wutar. A Garnaɗa akwai gidajen abincin halal na 'yan Maroko a gindin Albaisin. Kafin ka biya, ka tambaya ko ginin yana da lif da na'urar sanyaya ɗaki, don tsofaffin gidaje da dama ba su da ko ɗaya.

Tambaya ta ƙarshe daga wata malamar makaranta: "Anti, ba asarar kuɗi ba ce a kai ɗan shekara biyar kallon tsofaffin gine-gine?"

Ya danganta da yadda aka kai shi. Ba zai riƙe cewa Abdurrahman na Ɗaya ne ya aza harsashin masallacin Kurɗuba wajen shekarar 785 ba, ko cewa an mai da shi coci a 1236. Amma ki sa shi ƙirga bakunan ginin masallacin masu ratsin ja da fari, ki ga yadda zai manta da gajiya. Ki kuma gaya wa manyan tun daga gida cewa ba a yarda a yi salla a ciki ba, masu gadi na tsayar da wanda ya tayar. A Garnaɗa kuwa akwai masallacin da ake salla a Albaisin, an buɗe shi a 2003, kuma daga lambunsa ana hango Alhamra gaba da gaba. A Sebiya, hasumiyar Hiralda, wadda asalinta ta kiran salla ce, gangara aka yi mata a ciki maimakon matakala, shi ya sa yara ke hawanta da gudu su bar iyaye suna haki.

Tikitin Alhamra dai a saye shi ta intanet makonni kafin tafiya, daga shafin hukumar wurin. Yana ɗauke da suna da lokacin shiga fadojin, wanda ya makara ya rasa, kuma ana duba fasfo a ƙofa. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba sa biya, amma kowanne sai da tikitinsa a hannu. Ki zaɓi lokacin safe, ki sa ruwa da dabino a jaka, kuma ki kai yaron bayi kafin ku shiga layi.