Amsa ga mai tambaya kan baƙin tabon tafin ƙafar Mama

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce Mama na da baƙin tabo a tafin ƙafa, shekara guda yana faɗaɗa, likitan fata ya ce a dawo ya haska shi da na'ura, ke kuma kina zargin ko neman kuɗi ne kawai. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na share hawaye, don nawa ma a diddigen hagu ya fara, nan Jidda.

Don Allah ki kai ta. Na'urar ba ta wuce girman tocilan ba, damatoskof suke ce mata. Ana ɗora ta a kan fata, ta ƙara girman wurin kamar sau 10, haskenta ya nuna abin da ido ba ya gani. Babu allura, babu zafi. Kin san zanen nan na fata, irin wanda ake dangwalawa a jawazat, ofishin fasfo? Tafin ƙafa ma yana da shi, kunya da kwari kamar gona. In baƙin ya bi kwari, yawanci tawadar Allah ce. In ya hau kan kunya, a nan hankalin likita ke tashi, don kuwa nan ne wata kansar fata take bi, wadda suke kira akral melanoma. Nawa a allon kwamfuta aka nuna mini, ya hau kunyoyin layi-layi.

Amma kafin in kai ga wannan, wata 14 aka ɓata mini. Wani likita a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ko sunkuyawa bai yi ba. Daga kan kujerarsa ya leƙo ya ce faso ne da cin ruwa, ya rubuta man shafawa. Sau uku ina komawa. A na ukun na nuna masa safata da jini, ya ce wai baƙar fata ba ta kansar fata, cutar Turawa ce masu shanya jiki a rana. Yana faɗa yana danna waya. Na fito na zauna a bakin titi ina jin kamar ni ce na cika raki. Har yau in na bi ta layin nan ƙirjina zafi yake, na bar shi da Allah. Alhali wannan irin ba ruwanta da rana, tafin ƙafa da na hannu da ƙarƙashin farce take kamawa, kuma cikin melanoma ita ta fi samun masu irin fatarmu. Ita ta kashe Bob Marley a 1981, daga yatsan ƙafa.

Lokacin da aka auna nawa, kaurinsa ya wuce milimita 2, kuma kaurin nan shi suka fi dubawa. Aka yanke diddigen, aka yi faci da wata fata, aka ciro kaluluwar matsematsi don a ga ko ya kai can. Alhamdu lillahi bai kai ba. Umrar wannan shekarar a keken guragu ɗana ya yi ɗawafi da ni, ni da nake zagaya Ɗaki da ƙafata tun ina budurwa.

Kada ta sa lalle kafin ranar, ni sai da aka mayar da ni gida saboda ya rufe wurin. Ki ɓoye dutsen goge kaushi, kuma kada wanzami ya taɓa. Ki ɗauki hoton tabon yau da sulallan riyal a gefe, don a ga girmansa. Na'urar fa ba ita ke yanke hukunci ba, in likitan bai gamsu ba sai an ciri nama an kai gwaji, to kada wannan ya firgita ta. Ki duba faratanta ma, baƙin layin da ke faɗaɗa ko ya malalo kan fatar gefen farce abin nunawa ne. In tana da suga, kada ki yarda a ce gyambon suga ne kawai a rufe maganar.

Zamzam da addu'a a ci gaba, amma a je. Kuma kada ta shiga ita kaɗai, iyayenmu in Larabci ya yi musu sauri sai su ce "ɗayyib" su fito. In a Jidda kuke, ki gaya mini ranar, zan raka ku.