Zan iya canza kwaɗo in ɗan haya ya ƙi biya?

Malam, ka ce ɗan hayanka ya ƙi biya, kana son canza masa kwaɗon ƙofa. Kada ka kuskura. A yawancin ƙasashe, canza kwaɗo, yanke wuta ko ruwa, ko watso masa kaya waje na iya jawo maka biyan diyya, reshe ya juye da mujiya.

Fara ba shi notis a rubuce, da ranar tashi. Tsawon wa'adin ya danganta da yarjejeniyarku da dokar wurinku. Mai biya shekara-shekara yakan fi mai biya wata-wata samun lokaci. In wa'adi ya cika bai tashi ba, sai kotu: ita ke ba da umarni, ma'aikatanta ke fitar da shi. Ka adana rasit da shaidar cewa notis ya shiga hannunsa, don alƙali zai nema.