Takarda ta fito amma gabana bai daina faɗuwa ba

Wani ƙanenmu ne ya rubuto daga Brescia a Italiya, ya ce ta Agadez da Sabha ta Libiya ya bi ya tsallake teku, yanzu shekara biyu kenan da samun permesso ɗinsa, wato takardar izinin zama, kuma yana aiki a masana'anta, amma har yau in ya hango motar 'yan sanda sai zuciyarsa ta hau dukan uku-uku, gumi ya keto masa, numfashi ya sarƙe kamar ransa zai fita. Ba ya barci, in waya ta yi ƙara daga gida sai ya ɗauka rasuwa za a faɗa masa. Abokan ɗaki sun ce ya daure ai shi namiji ne, Hajiyarsa ta ce sammu ne. Wai shi matsoraci ne ko taɓuwa ya fara?

Toh ƙanena, ba ko ɗaya. Lokacin da ba ka da takarda in ka ga ɗan sanda gabanka ya faɗi, wannan tsoro ne na gaskiya kuma ya yi maka rana, ƙwaƙwalwa ce ta hango hatsari ta sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya tafi gaɓɓai don ka tsere. Shi irin wannan da hatsarin ya wuce sai ya kwanta. Naka kuwa takarda na aljihunka amma jikin bai yarda an wuce wurin ba, kamar mai gadin da ya saba da ɓarayi har ya koma busa usur in mage ta gifta. In fargaba ta zarce abin da ya jawo ta, ta hana barci da aiki, ta kai wata shida tana zuwa kusan kullum, likitoci sun ɗauke ta cuta ce mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ita, kenan dai ba kai kaɗai ba ne kuma ba ƙarancin imani ba ne. Shi wancan sarƙewar numfashin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 ya sauka, akwai firgitarwa wallahi amma shi kansa ba ya kisa. In kuma kana mafarkin Libiya ko jirgin ruwan ka faɗa wa likita, wannan wani reshe ne daban da ke biyo bayan tashin hankalin da mutum ya gani.

Ka ɗauki tessera sanitaria ɗinka, wato katin lafiya, ka je wajen likitanka na unguwa, ya fara duba zuciya da jini tukuna don ciwon maƙoƙo ma yana kawo bugun zuciya irin wannan, sannan ya tura ka cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa da suke kira CSM, a yankinku na Brescia kuwa CPS ake ce mata. In Italiyancin bai zauna ba ka nemi tafinta. Kuma ka cire tsoron wai zai shafi takardarka, likita sirri yake riƙewa, dokar shige da fice ta 1998 ma ta hana asibiti kai rahoton ko wanda ba shi da takarda, balle kai.

Magani iri biyu ne, zama da ƙwararre da zai koya maka tunkarar abin da kake gudu a hankali a hankali, don kauce wa titin da 'yan sanda suke shi ke ƙara ciyar da cutar, sai kuma ƙwaya irin sertraline wadda takan ɗau sati 4 zuwa 6 kafin ta kama, kar ka yar da ita a sati na biyu ka ce ba ta aiki. Amma don Allah kar ka karɓi tiramadol ko Xanax a hannun aboki, suna kama mutum. Kofin nan na Italiya da goro a rage, musamman da yamma.

Ita Hajiya kar ka yi musu da ita, ka ce ta ci gaba da addu'a kai ma ka riƙe azkar ɗinka, kana zuwa asibiti. Ka roƙi 'yan gida su riƙa turo saƙo kafin kira, su ce lafiya lau ne. In ciwon ƙirji ya yi tsanani ko tunanin cutar da kanka ya zo maka, kira 112 nan take.