Me ya sa goge ke danne hafsikod?

"Maigida, a gwajin jiya na konceton Bach, da masu goge suka shigo sai na daina jin hafsikod ɗin, kayan kiɗan nan mai madannai da tsirkiyoyi. In sa masa faratan tsinkar tsirkiya masu kauri ne don sautinsa ya ƙaru?"

A'a, ɗana, ajiye wuƙar tukuna. Ka fara sanin kiɗan kafin ka taɓa kayan.

Konceton da suke gwadawa, wato kiɗan da kayan kiɗa ɗaya ke jagoranta sauran suna rakiya, shi ne mai lamba BWV 1052 a jerin ayyukan Bach, mai tsara kiɗan, ɗaya daga cikin waɗanda ya kwafa da hannunsa wajen 1738 a Leipzig ta Jamus. A can ƙungiyar makaɗan da ya fara jagoranta a 1729 ta riƙa wasa a gidan shan kofi na Zimmermann. Ka lura, ɗaki ne, ba katafaren zaure ba, makaɗan kuma 'yan kaɗan.

Ginin kiɗan bayarwa da amshi ne. A farkon kashi na ɗaya kowa da kowa, har da mai hafsikod, layi guda suke bi, babu mai raba murya. Wannan ne amshin, kuma zai riƙa dawowa, wani lokaci guntunsa kawai. A nan ba a bukatar ka ji hafsikod daban; aikinsa ya ba sautin goge kaifi a bakin kowace murya. Inda ya kamata ka kasa kunne shi ne bayan amshi, lokacin da masu goge suka sassauta suka bar masa fili. Idan a nan ma ya ɓace, to akwai gyara.

Hafsikod ba piyano ba ne. Farce ne ke tsinkar tsirkiya, ba guduma ke dukanta ba, don haka ko makaɗi ya danna da ƙarfi sautin kusan ɗaya ne. Da farata masu kauri madannai za su yi tauri, ka riƙa jin ƙwas-ƙwas maimakon amo, yatsun makaɗi kuma su gaji tun kafin kashi na uku, wanda gudu ne tsantsa.

Fara da sahun tsirkiyoyi. Wannan hafsikod mai madannai hawa biyu sahu uku gare shi: manya biyu da ake kira na ƙafa 8, da ƙarami da ake kira na ƙafa 4 mai siririyar murya. A wurin amshi a haɗa su duka, a wurin da kiɗa ya yi laushi a koma sahu ɗaya. Amma in an haɗa, kada faratan uku su tsinka lokaci guda. Danna madanni a hankali ƙwarai, ka ji tsinka uku a jere: ƙaramin sahu, sannan manyan ɗaya bayan ɗaya. In sun haɗu, nauyin zai taru a yatsa.

Sai faratan kansu. Ko na gashin hankaka ne ko na roba irin Delrin, bakin kada ya zarce tsirkiya da fiye da milimita 1. Wanda ya fi maƙwabtansa ƙara, kankare shi ta ƙasa, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa. Kada ka taɓa samansa. Saki madannin a hankali ka ga ko farcen ya zame ya koma ƙarƙashin tsirkiya. In ya maƙale a sama, wannan muryar za ta yi shiru ana tsakiyar wasa.

Sauran maganar ta masu goge ce, kuma a ganina nan matsalar jiya take. Mutum biyar sun isa: goge biyu, biyola da celo (gogunan da suka fi girma) da babban goge. In za su sa tsirkiyar hanji, ya fi, don ta ƙarfe tana da tsawa. A buɗe murfin gaba ɗaya ya fuskanci masu sauraro.

Tambaye su ma'aunin tsayin murya da za su ɗaure tsirkiyoyinsu a kai, 415 ko 440, tun kafin ka ɗauki makullin ɗaure tsirkiya. Bar kayan ya sha iskar ɗakin awa biyu ko uku, ka saita, sannan ka sake bin ƙaramin sahu dab da farawa, don shi ne ke saurin gocewa.