Tambayoyinku kan kwamfutar gem da sabar gida: kafin ka sayi kati, duba wutar da kake da ita

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin da suka taru wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, masu son buga gem a kwamfuta da masu son ajiye 'yar saba a gida, wato kwamfutar da ake bari a kunne tana ajiye fayiloli ana shiga daga wasu na'urori, shi yasa na haɗe su waje guda. Wasu sun yi tsayi sosai na taƙaita su.

Tambaya: Wani ɗalibi daga Zariya yace yayansa ya bar masa Dell OptiPlex 7050, siririyar nan ta ofis, Core i5-7500 da RAM 8GB. Yana so ya riƙa buga gem ɗin FC 24 da GTA V, kuma an masa tayin katin girafik, wato mai sarrafa hoton gem, RX 580 mai 8GB da araha. Ya saya?

Amsa: Ƙanena kar ka saya, ko kyauta aka baka bazai maka aiki a wannan kwamfutar ba. Na farko bazai ma shiga kesin ɗin ba, ya fi shi faɗi. Na biyu, kuma shine babban, fawa fak ɗin (akwatin dake raba wa kayan cikin kwamfuta wuta) dake cikin siririyar 7050 wat 180 ne kacal, shi kuwa RX 580 shi kaɗansa yana iya shan wat 185, kaga ya cinye wutar gidan gaba ɗaya bai bar wa furosesa komai ba, kuma yana buƙatar wata waya mai baki 8 da ake jona masa kai tsaye wadda fawa fak ɗinka bashi da ita sam. Kace to bari in canza fawa fak ɗin, nan ma akwai magana, domin Dell nasu na daban suke yi, bakin wayarsa ba irin na kasuwa bane.

Abinda zai maka shine gajeren kati wanda baya neman wata waya, daga ramin madabod, wato babban allon da ake jona komai a kansa, kawai yake shan wutarsa, ramin nan iyakarsa wat 75. Irinsu GTX 1650 gajere, ko RX 6400 mai shan wat 53, ko RTX 3050 mai 6GB wanda ya fito 2024. Amma ka buɗe murfin ka duba da idonka tukunna, a irin waɗannan siraran Dell ɗin dogon ramin kati yana dab da fawa fak, kati mai kauri baya samun wurin zama, shi yasa mutane da yawa suke ƙarewa a RX 6400 tunda akwai sirantaccensa. Shi ma yanada nasa aibin, a tsohon madabod irin naka baya gudu kamar yadda yake yi a sabo, amma dai GTA V zai tafi lafiya lau, FC 24 kuma da ma mafi ƙarancin abinda suka nema GTX 1050 Ti ne, zaka buga in ka rage kyan hoton.

Sannan RAM. Ka duba 8GB ɗin nan ƙwaya ɗaya ce ko biyu, in ɗaya ce ka nemo mata 'yar uwa DDR4 8GB su zama 16, domin ƙwaya biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa, sun fi ƙwaya ɗaya sauri ko da jimillarsu ɗaya. Abu na ƙarshe da zan faɗa maka don kar ka zuba kuɗi da yawa a kanta, Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel ƙarni na 8 ta fara, taka ta 7 ce. Ka sa mata kati ɗaya da RAM ka more, amma kar ka mayar da ita gidan zama.

Tambaya: Wata 'yar'uwa daga Maraɗi tace laftof ɗin ƙaninta tana cijewa in ya buɗe gem, ana iya canza mata katin girafik?

Amsa: A'a 'yar'uwa, a kusan duk laftof ɗin dake hannun mutane katin a like yake da madabod, haka furosesa. RAM da wurin ajiya ne kawai ake taɓawa, wasu siraran ma RAM ɗin a like yake. In har yanzu had disk mai juyawa ne a ciki a sa mata SSD, zata farfaɗo wajen tashi da buɗe abubuwa, amma bazai mayar da ita kwamfutar gem ba, kar wani mai gyara ya karɓi kuɗinku da wannan alƙawarin.

Tambaya: Wani daga Kano yace ya tara kuɗi zai haɗa tasa daga farko, amma kuɗin ba zasu kai sabon kati ba, na hannu zai saya. Me zai duba, kuma ina zai rage kashe kuɗi?

Amsa: Malam bari in fara da inda BA zaka rage ba, fawa fak. Wallahi wannan abun yana min ciwo, mutum zai kashe dubban ɗaruruwa a kati da furosesa sannan ya ɗauko fawa fak mara suna don an rubuta masa wat 650 a jiki. Ni kaina na taɓa yin asarar madabod da had disk a dare ɗaya saboda irinsa, an dawo da wuta da ƙarfi naji ƙara fat sai warin ƙuna ya cika ɗakin, da na kwance shi na ɗaga a hannu sakayau kamar gwangwanin madara, ciki ba komai sai 'yan wayoyi sirara. Na kirki zakaji nauyinsa a hannunka. Ka nemi na kamfanin da aka sani irin Seasonic ko Corsair ko Cooler Master, wat 550 na gaskiya ya ishe ka, kuma shi wannan sabo zaka saya ko da komai na hannu ne.

Inda zaka rage shine madabod da furosesa. Tsarin madabod AM5 na AMD da ya fito 2022 DDR5 kawai yake karɓa, komai nasa tsada. Tsohon AM4 har yanzu da sauransa, madabod B450 ko B550 da Ryzen 5 5600 da DDR4 16GB ƙwaya biyu, ka ɗora masa RX 6600 mai 8GB ko RTX 3060 mai 12GB, a sikirin 1080p ba gem ɗin da zai baka kunya sosai. Sai dai in B450 ne ka tabbata an sabunta masa BIOS, wato manhajar dake cikin madabod ɗin kansa, kafin ka bar shagon, in ba haka ba zaka je gida ka kunna fanka tana juyawa sikirin baƙi ƙirin kace an cuce ka alhali sabuntawa kawai yake so.

Batun kati na hannu kuma. Da yawa daga cikin RX 580 da ire-irensa da suka cika kasuwa daga gidajen mainin, wato masu haƙar kuɗin intanet, suka fito, tunda kuɗin intanet na Ethereum ta daina amfani da katin girafik a Satumba 2022 aka juye su kasuwa. Ba wai duk sun lalace bane, amma sun yi shekaru suna aiki dare da rana, fankokinsu sun gaji, man dake tsakanin injin da ƙarfen sanyaya ya bushe. Akwai kuma wanda ake kira RX 580 2048SP, suna ne kawai, ƙarfinsa na RX 570 ne. Akwai jabu ma tsagwaronsa, zakaga kwali an rubuta GTX 1050 Ti amma a bayan katin ga shuɗin ramin VGA, to na asali bashi da VGA sam, tsohon kati ne aka canza masa suna a ciki.

Ko a Beirut Road ne a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, ka tafi da filashinka ɗauke da manhajojin gwajin kati GPU-Z da FurMark. Kace a jona maka katin a gabanka, GPU-Z ya nuna maka ainihin waye shi, sannan ka sakar masa FurMark minti 15 kana tsaye kana kallo. In kaga ɗigo-ɗigo masu kala ko layuka a sikirin, ko zafinsa ya haura digiri 85 yana ta hawa, ko fanka tana gurnani, ka ajiye musu kayansu. Mai kayan kirki baya jin haushin gwaji.

Irin wannan haɗin in gem ya yi nisa yana shan wat 200 zuwa 250 banda sikirin, ka sa wannan a lissafinka in a inbata ko ƙaramin janareto zaka kunna.

Tambaya: Wani mai ɗaukar hoton biki daga Kaduna yace hotuna da bidiyon kwastomomi sun cika masa had disk huɗu, yana so ya tara su a saba ɗaya a gida wadda zai riƙa shiga ta waya, yara kuma su riƙa kallo a talabijin. An masa tayin Dell PowerEdge R720 wadda wani ofis ya daina amfani da ita, furosesa biyu, RAM 64GB. Garaɓasa ce?

Amsa: Alhaji na san yadda abun yake jan rai, inji ne na gaske, amma mu zauna mu yi lissafi. R720 ta 2012 ce, an yi ta ne don ɗakin da AC baya mutuwa kuma wuta bata ɗaukewa. Ko ba aikin da take tana shan wat 100 ko fiye, kuma saba ba'a kashe ta. Wat 100 sau awa 24 yunit 2.4 kenan a rana, yunit 72 a wata, in kana Band A inda yunit ya haura naira 200 kaga sama da naira 14,000 duk wata don tana zaune kawai. In kuma batir ne, batir 12V mai 200Ah irin na ruwa abinda zaka iya ja ba tare da ka kashe shi ba kusan rabinsa ne, wat-awa 1,200, ita kaɗai zata shanye shi cikin awa 12 ko ƙasa da haka, fanka da fitila da firij fa? Ga ƙara, in ta tashi kamar an kunna injin markaɗe, ba mai barci a ɗakin.

Aikin da ka lissafa 'yar ƙaramar kwamfuta ta ishe shi, irin Lenovo ThinkCentre Tiny ko HP EliteDesk Mini ko Dell OptiPlex Micro, waɗanda basu fi girman littafi ba, ko sababbin nan masu Intel N100. In suna zaune wat 10 zuwa 15 suke sha, batirin da waccan ta cinye a rabin yini wannan sai ta kwana uku a kansa. Ka nemi Intel ƙarni na 7 zuwa sama saboda Quick Sync ɗinsu, wani sashe ne na aikin bidiyo, yana sarrafa bidiyo nau'in HEVC ba tare da furosesa ta wahala ba. Amma tunda kai had disk manya kake buƙata, ni a ganina ka ɗauki mai ɗan girman kesin wadda zata ci had disk biyu a ciki, ya fi ka rataya su ta USB waya tana motsi suna yankewa. Ka sa mata OpenMediaVault, manhajar saba ce ta kyauta, da manhajar Jellyfin don kallon yara.

Had disk ɗin kuma ka nemi nau'in CMR, ka guji nau'in SMR, su SMR in rubutu ya yi yawa sai su yi ta jan ƙafa. In na hannu ne ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo kaga awa nawa ya yi yana aiki, in ya nuna ruwan ɗorawa kar ka ɗora masa amanar mutane. Kuma don Allah ka riƙe wannan, had disk biyu masu kwafin juna a cikin inji ɗaya ba ajiya bace, in wuta ta buga tare zata ƙona su, in ka goge fayil bisa kuskure a duka biyun ya tafi. Bikin mutum sau ɗaya ake yi, ba'a maimaita maka kamu don ka sake ɗauka. Ka ware had disk ɗaya da kake kwafa a kai duk Juma'a ka cire shi ka kai wani gidan.

Abu biyu ƙanana. A BIOS akwai wurin da ake ce mata ta tashi da kanta in wuta ta dawo, ka kunna shi. Sannan shiga daga waje, yawancin layukan data da muke amfani dasu basa baka adireshin intanet naka kai kaɗai, da jama'a kuke rabawa, duk buɗe ƙofar da zakayi a rauta bazai yi ba, ka sa manhajar Tailscale, mai haɗa na'urorinka ta intanet, a sabar da wayarka magana ta ƙare.

Tambaya: Wani daga Sakkwato yace kwamfutarsa lafiya take da safe amma da rana in ya fara gem sai ta mutu da kanta, ya ƙara RAM bata daina ba.

Amsa: Ɗan'uwa ba RAM bane, zafi ne, tana kashe kanta ne don kar ta ƙone. Kwanaki aka kawo min wata mai irin wannan ciwon, da na cire fankar furosesa ƙurar hunturu ta daskare a tsakanin ƙarafan kamar auduga, da yatsa na ɓamɓaro ta guda, man ƙasan kuma ya bushe ya zama kamar alli. A garin da Afrilu ke haura digiri 40 iskar da fanka take jawowa ma mai zafi ce, balle an toshe mata hanya. Ka cire wuta, ka fita da ita waje ka hure da bulowa, amma ka riƙe fankokin da yatsa kar iska ta juya su fiye da ƙima. Ka goge tsohon man da sifirit ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Ka ɗauke ta daga kan kafet ka ɗora a tebur, ka bar tazara tsakaninta da bango. Bayan nan ka buɗe HWMonitor, manhajar dake nuna zafi, kana buga gem kana leƙawa, in furosesa bata wuce digiri 80 ba kuma duk da haka ta sake mutuwa, to fawa fak ne ya gaji, ka turo min sunansa da wat ɗin dake rubuce a jikinsa da katin da kake amfani dashi in faɗa maka wanda zaka saya.